Ƙuli-ƙulina Ya Ƙi, Daddawata Ta Yi Tsutsa, Kuma Ina Jin Nauyin Tambayar Surukata

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a wata sabuwar unguwa a bayan garin Zariya. A gidan da na tashi komai saye ake yi, daga makarantar kwana sai jami'a sai ɗakin miji. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 albashin maigida ya daina kai mu ƙarshen wata, shi ne na ƙudurta in koyi yin wasu abubuwan da hannuna. Na kalli bidiyo a waya, na sayi gyaɗa kwano uku, na soya na kai inji, na yi ta juyi ina ƙara ruwa har kafaɗata ta riƙe, mai bai fito ba, abin ya koma ruwa-ruwa. Na gwada daddawa, ranar da na buɗe na tarar da tsutsa. Waken da muka saya rabin buhu da kaka kuma ƙwari sun mai da shi gari. Maigida ya ce in daina ɓarnar kuɗi. Mahaifiyarsa Hajiya da sana'ar mai da ƙuli ta riƙe 'ya'yanta, gidanta ba nisa, amma da ta ji labari dariya ta yi ta ce 'yan boko sai biro. Tun daga nan nake jin nauyin tambayarta. In haƙura ne, ko akwai inda nake kuskure?

Wa'alaikumus salam 'yata, Allah Ya yi wa zuri'a albarka. Kada ki haƙura, amma ki rage gudu. Kin ɗauki ayyuka uku lokaci guda, kin fara da kwano uku a inda rabin kwano ya isa gwaji, kuma malamarki waya ce, wadda ba za ta iya sa hannu cikin turminki ta ce miki ruwan ya isa haka ba. Ayyukan nan da yatsa da hanci da ido ake gane su. Zan nuna miki inda kowanne ya karkace, amma ki sani tun yanzu cewa maganata gidan Hajiya za ta kai ki.

Mu fara da mai, don shi ne za ki fi saurin cin moriyarsa.

Kusan rabin nauyin ɓararriyar gyaɗa mai ne, sai dai hannu ba ya fitar da shi duka yadda injin kamfani ke yi. Idan aiki ya yi kyau, kwanon gyaɗa mai nauyin kilo biyu da rabi zai ba ki abin da ya kusa cika kwalba ɗaya. Sauran man yana nan cikin ƙuli, shi ya sa yake da garɗi. Wanda ya ce miki kwano zai ba da kwalba biyu, ki bar shi da labarinsa. A kasuwa ki ce wa mai gyaɗa ta mai kike so, domin akwai ta ci akwai ta mai. Masu sana'ar sun fi son mai ƙananan ƙwaya irin 'yar Dakar, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, nan kusa da ku, ta fitar da irin da ake kira SAMNUT 24 wanda aka san shi da yawan mai. Ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki ciza. In ta karye ƙas, ta bushe. In ta lotsa a haƙori, da sauran danshi, sai ki baza ta a rana kwana biyu ko uku kafin ki taɓa kasko. Sabuwar gyaɗa mai danshi tana rowar mai, ɗan wanda ta bayar kuma sai ya yi ta kumfa a wuta.

Kafin suya akwai tsinta, kuma nan ne ba na son ki yi gaggawa. Ki zuba a faifai kaɗan-kaɗan, ki cire tsakuwa, ki cire duk ƙwayar da ta yamutse, ko ta yi baƙi, ko ƙwaro ya huda, ko kika ga fumfuna kore-kore ko ruwan ɗorawa a jikinta. Irin wannan fumfunar tana haifar da wata guba da ake kira afulatoksin, wadda ke lalata hanta a hankali har ta kai ga ciwon daji, tana kuma tauye girman yara. Suya ba ta kashe ta, tuya ma haka. Mafi yawanta cikin tunkuza take zama, wato cikin ƙulin da yaranki za su riƙa gurgura. Abin da kika tsince ki zubar, kada ki ce a ba kaji ko akuya, don tana bi ta nono da nama.

Suyar a kasko mai faɗi ake yi, wuta matsakaiciya, hannu ba ya tsayawa da juyi. Wasu suna zuba yashi mai tsabta a kaskon don zafi ya ratsa daidai, su tankaɗe shi daga baya. Agogo ba zai taimake ki sosai ba, gwaji ne zai taimake ki: ki ɗebo ƙwaya uku, ki bari su sha iska, ki murza. Ɓawon ya zame ba gardama, sannan in kika raba ƙwayar biyu launin ciki ya tashi daga fari zuwa ja-ja kaɗan har tsakiya. In waje ya yi ja ciki na fari, wutar ta yi yawa. Wadda ba ta soyu ba tana riƙe manta, ƙulin kuma ya yi gafi. Wadda ta zarce tana ba da baƙin mai da ƙuli mai ɗaci. Da ta kai ki juye a babban tire ki baza nan take, don in kika bar ta a tare zafin cikinta zai ci gaba da soya ta. In ta huce ki murje, ki bakace ɓawon.

A wurin inji ki tsaya da kanki, kada ki aiki yaro. Abu uku za ki tabbatar: an wanke injin idan an markaɗa kayan miya ko wake, an bar shi ya tsane, kuma mai injin bai ɗiga ruwa ko kaɗan ba. Da yawansu sun saba sa ruwa don inji ya yi gudu, kuma wannan kaɗai ya isa ya ɓata miki aiki tun ba ki koma gida ba. Niƙan ya yi laushi liƙis. Ki shafa tsakanin yatsu biyu, in kin ji tsaki-tsaki ki ce a maimaita, domin man yana kulle ne cikin ƙwayar, gwargwadon laushi gwargwadon abin da zai fito. Ki dawo gida kai tsaye ki fara juyi tun da ɗumin inji a jikinsa.

Ga inda na tabbata aikinki ya lalace. Kin ce kina ta ƙara ruwa. Amfanin ruwa a nan ɗaya ne: ya kama garin gyaɗar ya dunƙule shi wuri guda, dunƙulewar ce ke matso mai waje. Ruwan da ya wuce wannan buƙata haɗuwa yake da man su zama abu ɗaya fari-fari, daga nan ko kwana za ki yi kina juyi ba za su rabu ba. Ki juye markaɗen a turmi mai tsabta, ki ajiye tafasasshen ruwa kusa da ke da ɗan gishiri a ciki. Ruwan sanyi yana daskarar da mai, kada ki kusance shi. A rabin kwano, ki fara da abin da bai wuce cokalin miya uku ko huɗu ba, ki juya da taɓarya ko babbar muciya ta fuska ɗaya, kina danna shi jikin turmin. Kada ki ƙara sai wancan ya ɓace gaba ɗaya. Da farko za ki ga abin ya yi tauri, juyin ya yi nauyi, launin ya ƙara duhu. Nan ne sabon hannu ke tsorata ya kwara ruwa, alhali wannan taurin shi ne alamar an kama hanya. Ki ci gaba. Can sai ki ga fuskarsa ta fara ƙyalli, ya fara sakin jikin turmi yana bin taɓarya dunƙule guda, kina jin wani sauti caɓ-caɓ a ƙasa. Ki karkata turmin, za ki ga mai ya taru. Daga nan kin gama da ruwa, sai dai yayyafi da yatsu idan kin ga ya tsaya. Jimlar ruwan da rabin kwano ke sha ba ta cika wuce kofin shayi ɗaya ba, wani lokaci ma ba ta kai ba, ya danganta da bushewar gyaɗar da yadda aka soya ta.

In hannu ya zarce ruwa ya yi yawa, akwai ceto iri biyu. Ko ki ƙara busasshen markaɗe, shi ya sa masu wayo ke ware ɗan kaɗan a gefe kafin su fara, ko ki juye a tukunya ki ɗora kan wuta ƙasa-ƙasa kina juyawa har ruwan ya fita a tururi, sannan ki mayar turmi. In duk ya ƙi, ba a zubarwa, miyar gyaɗa da kunun gyaɗa suna jiransa.

Ki kwashe man da ludayi, sannan ki riƙa yankar tunkuzar gwargwadon cikin hannu kina matsewa a kan tire ko katako mai tsabta da kika jingina a karkace, man na gangarawa cikin kwano. Ki matse har ki ji ta yi tauri tana riƙe siffar yatsunki. A nan ake sa yaji, citta ko ɗan sukari ga mai so, amma ki sani mai sukari yana saurin ƙonewa. Ki murza sirara ko ki fyaɗa faifai-faifai, kauri bai wuce na ƙaramin yatsa ba, don mai kauri waje zai ƙone ciki na danye, kwana kaɗan ya yi fumfuna. Da man da kika fitar za ki toya. Ki bari ya yi zafi, ki jefa guda ɗaya gwaji. In ya tarwatse ya zama gari, ɗayan biyu ne: ko ba ki matse man sosai ba, ko man tuyar bai yi zafi ba. Kada ki cika kasko, kuma kada ki taɓa su sai ƙasansu ya kama. Idan kumfar da ke kewaye da su ta lafa, launi ya yi ja mai duhu, ki tsame. Da ɗan taushi za su fito, sai sun huce suke yin ƙarau. Za ki lura man kaskon ƙaruwa yake yi maimakon raguwa, domin ƙulin na ƙarasa sakin nasa.

Tuyar nan ita ce kuma ke dafa man ta kori ruwan da ya rage a cikinsa. Man da aka ɗura da sauran ruwa ba ya daɗewa sai warinsa ya sauya. Ki jefa yankan albasa a ƙarshe, ki sauke, ki bari ya huce ya kwanta, ki tace da farin ƙyalle cikin busasshiyar kwalba, ki toshe ki ajiye inda rana ba ta kaiwa. Yara su yi nesa da murhu ranar tuya. In wuta ta kama mai, murfi ake kifawa a kai, ba a watsa ruwa.

Duk wannan da na rubuta, Hajiya za ta nuna miki shi a wuni ɗaya fiye da yadda takarda za ta iya. Dariyar da ta yi ta yi miki ciwo, na sani, amma ki auna ta da kyau. Matar da ta ciyar da gida da turmi da kasko, ta wayi gari ba mai tambayarta komai, sai ta ji surukarta ta je neman ilimin a waya alhali tana raye, gidanta kuma ba nisa. Wataƙila ita ma akwai abin da ya sosa mata rai. Kada ki aika maigida ya yi miki iso, kada ki tsaya dogon bayani. Ki shirya da safe, ki riƙe gyaɗarki rabin kwano da kika riga kika tsince, da ɗan goro ko turare, ki durƙusa ki gaishe ta yadda kika saba, ki ce, “Hajiya, na gwada na kasa, na zo ki koya mini.” Za ta tsokane ki, ki yi murmushi ki ɗaura zani. Aikin ƙarfi naki ne: hura wuta, juyi, wanke turmi. Nata ido da baki. In an gama ki bar mata rabin man da ƙulin, ko ta ce a'a.

Dabara ɗaya za ki tafi da ita. Tsofaffin hannu ba sa awo, in kika ce nawa za a zuba sai su ce “daidai misali”. Saboda haka ki auna ruwan da kanki kafin ki miƙa mata, misali kofi biyu cif a buta, in an gama ki auna abin da ya rage. Ki duba agogo a ranki lokacin da gyaɗa ta hau kasko da lokacin da ta sauka. Duk inda ta ce “ya yi”, ki sa yatsa ki taɓa, ki shinshina, ki tambaye ta me ta gani. In kin koma gida ki rubuta a littafi, nan ne bironki zai yi rana. Wayar kuwa ki bar ta a jaka, kada ki kuskura ki ce a bidiyo ba haka aka yi ba. Ki yi sau biyu a gabanta, na uku ki yi ke kaɗai a gidanki ki kai mata ta ɗanɗana. Idan kuma kika je da ladabi ta ƙi, ba a rasa masu sana'ar ƙuli a unguwa, kuma da wuya mai juyin turmi ta ƙi ƙarin hannu.

Daddawa ki ɗan jinkirta ta sai hannunki ya faɗa da mai, amma ga abin da ya faru da taki. Tsutsa daga ƙuda take, ba daga kalwa ba. Ko dai kin bar kalwar a buɗe tana hucewa ƙuda ya sauka, ko rufin yana da kafa, ko kin yi ta buɗewa kina leƙe. Hucewar kuma laifi biyu ne, domin ƙwayoyin halittar da ke mai da kalwa daddawa ɗumi suke so. In kalwa ta yi sanyi kafin a rufe, su sai su yi kasala, masu ruɓarwa su riga su.

Kalwa tana da taurin kai. Dahuwar farko tana cin awa goma sha biyu, wani lokaci har ta kusa kwana da wuni, shi ya sa ake ɗora ta da yamma a kan manyan itatuwa ta kwana a wuta, ana ƙara ruwan zafi in ya ja baya. Ta yi idan kika matsa ƙwaya tsakanin yatsu baƙin ɓawon ya sulluɓe, cikin ya rabe biyu. Sai a zuba a turmi da ɗan yashi mai tsabta ko toka a surfa sama-sama, ba dakan ƙarfi ba, don ɓawon ake son cirewa ba a son farfasa ƙwayar. A kai babban baho a wanke da kwando, ɓawo na tasowa ana kwashewa, yashi da tsakuwa na kwanciya a ƙasa. Wankin nan shi ne mafi cin rai a aikin, kuma shi ke raba daddawar kirki da mai ƙasa-ƙasa a miya. A tsince duk ƙwayar da ta ƙi dahuwa. Sannan dahuwa ta biyu, awa ɗaya zuwa biyu, da ɗan gutsuren kanwa, har ƙwayar ta riƙa murjewa a yatsa amma ba ta zama fate ba.

Daga tukunya zuwa rufi kada a yi jinkiri. Ki tanadi kwando ko ƙwarya tun kafin ki sauke, ki shimfiɗa ganye mai faɗi irin na ayaba ko gwanda, ko buhu wankakke busasshe. Ki tsane ruwan sosai, ki juye da zafinta, kaurinta kamar faɗin tafin hannu. In ta yi siriri ba za ta riƙe ɗumi ba, in ta yi tudu tsakiyar ba za ta sami iska ba. Ki rufe da ganye, ki lulluɓe da buhuna ko tsofaffin zannuwa masu tsabta ninki uku ko huɗu, ki cusa gefe-gefen yadda ƙuda ba zai sami hanya ba, ki kai kusurwar ɗaki inda iska ba ta kaɗawa. Kada ki ƙulle ta cikin leda, tana buƙatar numfashi, kuma gumin leda yana komawa ya jiƙa ta ta yi tsami. Kada ki sa gishiri a wannan matakin, yana hana ta tashi. Washegari ki ɗora tafin hannu a kan rufin ba tare da kin buɗe ba, in kin ji ɗumi to aiki na tafiya. Da zafi kwana biyu zuwa uku sun isa, da hunturu takan nemi ƙarin kwana da ƙarin mayafi. Wadda ta yi za ki ga ta yi duhu, ta yi taushi, in kin ɗebo tana jan zare-zaren yauƙi, warinta mai ƙarfi yana hawa hanci. Wadda ta ɓaci tsami take yi ko warin ruɓa, ko ki ga fumfuna baƙa ko koriya. Irin wannan zubarwa ake yi, ba a yi mata gyara.

Za ki ji ana cewa wance hannunta ba ya yin daddawa. Yawanci in aka bibiya, sanyi ne ko sabon kwando. Kwandon da aka saba rufi a cikinsa yana ɗauke da ƙwayoyin da suka yi na baya, shi ya sa ta tsofaffi ba ta cika ƙi ba. Ki ari na wadda ta saba a karon farko.

Bayan ta tashi sai a ɗan shanya ta a rana, a kirɓa a turmi, a fyaɗa ƙanana, a shanya a kan tabarma bisa wani abu mai tudu, a yafa gidan sauro ko siririn mayafi, ana juyawa har ta bushe ƙarau. Wadda ba ta bushe ciki ba ita ma tana tsutsa daga baya.

Gaskiyar da masu bidiyo ba sa faɗa ita ce kuɗin wuta. Kwano ɗaya na kalwa da kwano biyar kusan itace ɗaya suke ci, kuma a kan gas babu riba ko ta sisi. Daddawa aikin taro ce: ku haɗu ku uku ko huɗu, tukunya ɗaya, sau ɗaya ko biyu a shekara, bayan ɗorawa ta nuna a bazara kalwa ta yi sauƙi. In kina son koyon rufi ba tare da asara ba, ki gwada da waken suya gwangwani huɗu. A jiƙa ya kwana, a murje ɓawon, a dafa kamar awa biyu, a rufe yadda na faɗa. Ɗanɗanonta bai kai na kalwa ba, amma darasin ɗaya ne.

Wake kuwa ba ya buƙatar gwaninta, iska kawai za ki hana shi. Ƙwaron tun daga gona yake biyo shi. Ki duba ƙwayar da kyau za ki ga ɗige-ɗige farare manne a jiki, ƙwai ne. Tsutsar a ciki take girma, cikin kamar wata guda ta fito ta sake yin wasu, shi ya sa buhun da ya yi kyau a Nuwamba yake zama gari kafin faɗuwar ruwa. Ki shanya waken ya bushe sosai, ki bari ya huce, ki ɗura a jarka wankakkiya busasshiya wadda ba a taɓa zuba fetur ko magani a ciki ba. Ki riƙa girgizawa yana zama har ya cika maƙil zuwa wuya, ki sa leda a bakin ki murɗa murfin tam. Ƙwarin za su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu. Kada ki buɗe kafin wata biyu, kuma gara ƙananan jarkoki da yawa da babba ɗaya, don ki buɗe ɗaya ki cinye sauran na rufe. In buhu guda ne ko fiye, ki nemi buhun PICS a wurin masu kayan noma, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne ana matse iskarsa a murɗe bakin a ɗaure shi daban. Ki duba ledar ba huji, ki ɗora kan katako nesa da bango saboda ɓera. Kaɗan na ci kuwa tsohuwar hanya tana aiki, a cakuɗa da tankaɗaɗɗiyar toka awo da awo.

Abin da ba zan yarda ki yi ba, ko wa ya ba ki shawara, shi ne zuba maganin ƙwari irin su Sniper a cikin abinci, ko ajiye buhu mai ƙwayar nan da ke fitar da iskar guba a ɗakin da ake kwana. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015.

Maigida kuma yana da gaskiyarsa, kuɗi sun tafi. Kada ki yi musu da shi, ki nemi izinin rabin kwano, ki kawo masa lissafi. A shafi ɗaya kuɗin gyaɗa da niƙa da itace ko gawayi, a ɗayan kuɗin man da kika samu in da saye za ki yi, da kuɗin ƙulin. Za ki ga sau da yawa man kaɗai da ƙyar yake mai da uwar kuɗi, ribar tana cikin ƙuli, wanda zai shiga kwaɗon zogale da na rama, da yajin tsire, da jakar makarantar yara. Lissafin yana gyaruwa sosai in aka sayi gyaɗar da kaka, tsakanin Oktoba da Disamba. Mai ɓawo ta fi jure ajiya, a ɗora ta kan katako a ɗaki mara danshi, a riƙa ɓare ta wata-wata gwargwadon buƙata.

In mai ya zauna a hannunki kafin hunturu ya wuce, abu na gaba mai sauƙi shi ne kauɗa. Daga Janairu zuwa Maris tumatirin rani yana cika kasuwa daga wurare irin su Kadawa da Kura, iska kuma a bushe take. Ki zaɓi nunanne mai tauri mara tabo, ki wanke, ki yanka biyu ko huɗu, ki jera fuskar yankan na kallon sama a kan tabarma ko buhu bisa tebur ko rumfa, ba a ƙasa ba inda ƙura da awaki suke. Ki yafa gidan sauro, ki shigar da shi ɗaki da yamma. Kada ki firgita in kwando guda ya koma ɗan ƙullin leda, tumatir kusan duk ruwa ne. Ya bushe idan kika matsa ba danshi a yatsa. Ki rufe a roba mai murfi, in damina ta shigo ki riƙa fito da shi yana shan rana duk bayan mako biyu.